Takardar Shaidar Asali

Assalamu alaikum Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya aikin gona? Yaya Inna Ladi da yara? Mu nan Ƙofar Dumi lafiya lau.

Baffa, saura sati uku mu rubuta jarrabawar shiga jami'a, amma karatun ya ƙi zama a kaina. Ba a karɓar fom ɗin tallafin karatu sai da takardar shaidar asali. Na je ofishin ƙaramar hukuma ranar Litinin, ma'aikacin ya ce, "'Yata, mahaifinki ba ɗan nan ba ne. Ki je garinku." Na ce masa a nan aka binne cibiyata, a nan kabarin Baba yake. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Na buga wa dagacinku waya, shi kuma ya ce bai san ni ba.

Ranar Juma'a za a rufe karɓa, kuma Umma ba za ta iya ɗaukar nauyin karatuna ba. Don Allah ka je wurin dagacin da kanka. Kai kaɗai ka rage da za ka ce masa ni 'yar gida ce.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

'Yarka,
Hajara