Kin San An Cire Mini Mahaifa, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi ta Shagari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gwiwa biyu a ƙasa, da fatan makwancinki na cikin ni'ima. Ni ce Hajo, autarki da aka kai aure Bodinga. Yanzu na wuce shekarun da kika bar duniya da su, kuma akwai maganar da ke cin raina fiye da shekara arba'in. Yau zan hwaɗe ta, kowa ma shi ji.

Kin tuna shekarar da aka yi mini aiki, lokacin tsuke bakin aljihu, da sabulu ya ɓace a kasuwa, asibiti kuma sai gado da bango. Har zaren ɗinki sai da mijina Malam Garba ya fita ya sayo. Zubar jini ta so ta ƙarar da ni, ciki ya kumbura ba ɗa a ciki, ga shekara tara da aure ban taɓa goyo ba. Da na farfaɗo ke na fara gani. Kika ce ƙari ne aka cire, an gama.

Likita bai ce mini uffan ba. Sai ya kira Malam ofis ya yi masa bayani, Malam ya sa hannu a takarda, Malam ya gaya miki. Ni da aka tsaga, aka bar ni gefe kamar buhun albasa ana ciniki a kansa.

Na yi jinya a ɗakinki. Kika ƙirga mini kwana arba'in kamar mai jego, don ita ce ƙidayar da kika sani, kika sa ni mota zuwa Bodinga. Ashe an ce wa Malam ya dakata sai likita ya sake duba ni. Shi ma arba'in ɗin nan ya riƙe hujja. Kwana biyu da komawata ya neme ni, ni kuwa ban san da wani sharaɗi ba.

Da safe na ga ɗigon jini a zanena, ɗan kaɗan.

Inna, murna na yi. Na ce al'ada ta dawo, ciki ya gyaru, saura haihuwa. Na ajiye salla. Ranar kasuwa na sayi zanen goyo mai ruwan bula, na hau mota na kawo miki albishir. Na iske ki kina tankaɗe a ƙofar ɗaki. Kika karɓi zanen kika ce za ki adana mini, ba ki ko ɗago kai ba. Abin da kika ce kawai shi ne, "Yi sallarki, Hajo." Har dariya na yi miki, ina cewa a raina tsufa ya fara taɓa Inna, ina aka taɓa salla da haila?

Sau uku abin ya faru. Duk sa'ad da Malam ya kusance ni sai ɗigo ya biyo baya, ni kuma in ajiye salla in hau ƙirga kwanaki. A na ukun mara ta ɗauki ciwo, zazzaɓi ya rufe ni, na ja jiki zuwa ɗakin shan magani. Wata nas 'yar Dingyaɗi ta duba katina, ta dube ni, ta ce, "Wace haila, baiwar Allah? Ai ba ki da mahaihwa." Gaban mata cike da benci ta faɗa. Da ta ga na daskare ta ja ni ciki, ta ce ɗinkin ciki ne bai warke ba ake fama shi, da ya ɓalle da sai dai wani labarin. Ranar aka mayar da ni asibitin Sakkwato, inda aka yi aikin.

Malam ya ce tsoro ya ji kada baƙin ciki ya kashe ni. Tsoron nan bai hana shi shiga ɗakina ba. Shi dai na gaya masa tawa tun yana raye, ya sunkuyar da kai. Ke ce ban gaya wa ba.

Haba Inna! Ke da kika koya mini wankan tsarki, kika kasa buɗe baki ki ce mini ɗiyata, an cire. Kika dubi zanen goyo a hannuna kika ci gaba da tankaɗe. Kun taru kun yanke cewa ba zan iya ɗauka ba. To na ɗauka, ni kaɗai, a bakin baƙuwa. Idan wannan ne kawaici, Allah shi raba ɗiyan mutane da shi, don ya kusa kai ni kabari.

Wata shida ban taka Shagari ba. Kika riƙa aiko mini da fura da man shanu, ina karɓa ba ko godiya. Da na dawo muka yi zancen gero, muka yi zancen ruwan sama. Damina ta gaba kika rasu.

Da muke kwashe kayanki na ɗaga buzun sallarki, sai ga zanen nan a shimfiɗe ƙarƙashinsa, wurin goshi ya koɗe. Nan na zauna na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Kalma uku kika iya fitarwa ranar nan, kuma yanzu na san da ƙyar suka fito.

Har yau ina jin haushi, ba zan ɓoye miki ba, ɓoyo ya ishe mu. Amma na yafe. Duk macen da aka yi wa aiki a unguwarmu ni ke raka ta gaban likita, ba ma fita sai ta ji da kunnenta.

Allah shi jiƙan ki, shi haskaka kabarinki, shi haɗa mu inda ba a ɓoye wa kowa kome. Sallolin kwana goma sha ɗaya da na ajiye duk na rama su, a kan zanen nan.

Na yi sallata, Inna.

Ɗiyarki,
Hajo, Bodinga