Tsuntsun da Ke Haƙa Lahadu

Hobat, Tasmaniya, ƙasar Ostiraliya
20 ga Sha'aban, 1428

Zuwa ga Hajiya Ƙaltume, Ummu Musaddiƙ,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya gwiwar taki? Yaya Musaddiƙ da mutanen unguwar Harra? Ni da 'yarmu Sundus alhamdu lillahi, sai sanyi da ya sa ni gaba.

Kin tambayi abin da nake yi duk yini. Me kuwa, ban da gadi? Yarinya ta tafi jami'a da safe, muharraminta na zaune bakin taga kamar mai jego. Shekara arba'in da ɗaya ban kwana wajen Madina ba sai don Hajji, kin kuma san dalili: ina tsoron ajali ya riske ni nesa da maƙabartar Baƙi'a. Yau ga ni a ƙarshen duniya, don takardar tallafin karatu ta ce mace ba ta zama sai da muharrami. Ki tuna wa ɗanki cewa wata uku muka yi da shi zai zo ya karɓe ni, biyu sun wuce.

Na dai yi maƙwabci. Wani ɗan tsuntsu ne, wallahi ƙwayar dabinon ajwa biyu ta fi shi nauyi. Kansa baƙi da zane-zanen fari, girarsa fara, maƙogwaro rawaya, wutsiya guntuwa. Sundus ta duba littafi ta ce sunansa fardalot. Kukansa gaɓa uku ne, ya yi ta nanatawa daga hantsi har la'asar. Ya fi ki naci ranar da kike son a gyara famfo.

A kan bishiyoyin turare yake yini yana tsince wani farin abu daga ganye. Na tsinko ganyen na duba, ashe ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ya yi wa kansa rufi mai zaƙi. Na lasa, kada ki gaya wa kowa.

Azumi ya ƙarato, zuciyata na wajen shimfiɗar buɗa-baki a Harami. Ki gaida kowa.

Mijinki,
Hamid

12 ga Zulƙida, 1428

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da duk na gida. Wasiƙarki ta iso, na ji cewa wajen aikin Musaddiƙ sun hana shi hutu. Ki daina yi masa faɗa, yana da iyali, ba zai ajiye aiki ba.

Bari in fara da tsuntsu, don ɗayan labarin yana mini nauyi. Ashe su biyu ne, miji da mata. A gefen gidan nan akwai wata gangara ta jar ƙasa, nan suka haƙa rami da baki da farce, ɗaya ya shiga, ɗaya ya jira. Ba ƙasa suka nufa ba, gefe suka kutsa, har kusan tsawon hannuna. Ni da na sha shiga kabari ina karɓar 'yan'uwa, da na gani sai gabana ya faɗi, don lahadu ne sak. Sundus ta ce can ƙarshe suke yin ɗaki, su shimfiɗa ciyawa da ɓawon itace, su saka ƙwai fari uku ko huɗu. Yanzu sun ƙyanƙyashe, iyayen na ta jigila ba hutu.

A bakin ramin nan na faɗi ranar Talata. Na sunkuya ina sauraron kukan 'ya'yan, sai ƙirjina ya riƙe. A asibiti likita ya yi ta bayani da Turanci, kuma 'yarki ce tafinta. Na ga tana taƙaita maganar, na ce ta faɗa mini duka don Allah. Ta faɗa. Zuciyar ta gaji, Ƙaltume. Ya ce in zan koma gida in koma yanzu, don nan da 'yan watanni ba zan iya doguwar tafiya a jirgi ba.

Muna komawa gida ta sauko da akwatuna ta fara haɗa kaya, nata da nawa, tana kuka tana Larabci, ta ce khalas, karatun ya ƙare. Wata takwas ya rage mata. Kin tuna tun tana sakandare take kwana da littafi a ƙirji. Na zauna ina kallonta, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Har na hango koriyar kubbar masallacin Annabi. Sai na ga ta ɗauki farar rigarta ta ɗakin bincike ta jefa a kwandon shara.

Na ciro rigar na kaɗe, na rantse mata ba inda za ni sai ta gama. Na san za ki ce taurin kaina ne. To, shi ne. Ki yi mini addu'a bayan kowace salla, ina jin tsoro.

Naki,
Hamid

9 ga Rabi'ul Awwal, 1429

Ƙaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya jiki, yaya haƙuri da ni? Ki yafe rubutun.

Na san yanzu an gama sa wa dabino garin namiji a gonakin Awali. Wa ya hau mini bishiyoyin bakin rijiya? Su ba sa son a makara.

Maƙwabtana sun tafi. 'Ya'yan sun fito tun kafin Babbar Salla, suka bi iyaye kan turare, sai kukan ya yi ta raguwa, makon jiya ya ɗauke ɗif. Sundus ta ce in sanyi ya ƙarato sukan bar tsibirin nan su ƙetare teku zuwa arewa, sai ɗumi ya dawo su dawo. Abu kamar babban yatsa ya ƙetare teku, ni kuwa matakala shida na gidan nan sun gagare ni. Na yi hassada, Allah ya yafe mini.

Mun koma wajen likita. Bai ƙara maganar jirgi ba, ni ma ban tambaya ba. Sundus na ƙirga kwanaki, tana cewa saura wata huɗu mu sauka Madina tare. Ina ce mata in sha Allahu. Ranar Juma'a kuwa na sa limamin masallacin nan ya kai ni maƙabartarsu a mota, ba ta sani ba. Akwai ɓangaren Musulmi, da tsabta, kaburbura na fuskantar alƙibla. Ƙasar ce da danshi, ba wanda na sani a ciki ko ɗaya. Na yi musu sallama, na yi kuka kamar yaro.

Ban yi nadama ba, kada ki bari wani ya ɗora wa yarinyar nan laifi, ko a bayan idona. Ni na zaɓa.

Saura abu ɗaya. A ƙasan akwatin ƙarfe akwai likkafanina, wanda muka wanke da zamzam shekarar da muka yi Hajji tare. Da gangan na bar shi, don na ce a gida za a buƙace shi. Ki ba Musaddiƙ ya aiko mini. Sundus ce ke karɓar saƙo, don haka ki naɗe shi cikin tsohuwar jallabiyata, ki ɗinke bakin, a rubuta kayan sanyi a kan kwalin.

Ki yafe mini abin da na yi miki, na sani da wanda ban sani ba. Ni na yafe miki.

Mijinki har gobe ƙiyama,
Hamid