Ɗamara a Ƙugun Surukina

Deira, Dubai
9 ga Oktoba, 2018

Aminiyata Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara, da Inna da gwiwarta. Ya aiki, ya majinyata? Mu nan lafiya lau, Safiya sai surutu, rabi Hausa rabi Larabcin makaranta.

Kada ki yi mini dariya don na koma takarda da biro. Kin san kiran intanet ba ya shiga a ƙasar nan, kuma filat ɗinmu ko atishawa ka yi a kicin ana ji a falo, ga shi muna da baƙi. Anti Talatu mai saro kaya a Al Sabkha za ta kawo miki.

Digirin dakta na fisiyo, aikinmu na gashi da motsa jiki, da na dame ki da shi tun muna bautar ƙasa, to na nema, a wata jami'a ta Amurka da ake karatu daga nesa. Sharuɗɗansu kamar 'ya za su ba ka. Takardunmu na jami'a sai da wani ofis ya tantance, na rubuta jarrabawar Turanci, na zauna na tsara dogon bayani ina yabon kaina har ina jin nauyin karantawa. Saura abu ɗaya. Suna son in yi aiki da mai shanyewar ɓarin jiki a gaban likitar fisiyo mai lasisi, sannan ita da kanta ta rubuto musu cewa ta ga hannuna a jikin majinyaci ta gamsu. Ƙarshen Nuwamba suke rufewa. Idan ya wuce sai baɗi, kafin nan kuma sakamakon Turancin nawa ya tashi aiki.

Asibitin da nake mataimakiya a Port Saeed kuwa daga masu ciwon baya sai masu ciwon wuya, mutanen ofis. Sai na duƙufa addu'a Allah ya kawo mana mai shanyewar jiki ko guda ɗaya ne. Ki ji fa irin addu'ar da ƙawarki ta yi.

Allah ya kawo, Zaituna. Baba ne, surukina, mahaifin Abban Safiya. Bayan Babbar Sallah abin ya same shi, ɓarin dama, aka kawo shi a keken marasa lafiya shi da Hajiya surukata. Ɗan nasa bai shawarce ni ba ya yi masa rajista a asibitinmu. Dakta Rania, Bamisiriyar da nake ƙarƙashinta, har da tafi. Wai khalas, matsalata ta ƙare, tunda ba ya jin Turanci ni ce bakinta ni ce hannunta, a kansa za ta rubuta mini takardar.

Ni da tun da aka kai ni gidansu ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. Wallahi takalmansa na fi sani a kan fuskarsa. Yanzu ni zan ɗaura masa ɗamarar riƙo a ƙugu, in sa gwiwata a tasa, in ɗaga shi. Tun da aka faɗa abinci ya ƙi shiga. Ki sa ni a addu'a, amma ki fi ni iya zaɓen kalmomi.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Taki,
Ummulkhair


Deira, Dubai
4 ga Nuwamba, 2018

Zaituna ƙawata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya, yara sun warware daga murar da kika ce. Saƙonki ya iso, na ga dariyar da kika cika shi da ita. Allah ya kai ki gaban naki surukin da ɗamara a hannu, sai mu ga jarumtar.

Abin ya lalace. Ranar farko da aka turo keken Baba ɗakin motsa jiki ban san lokacin da na durƙusa har ƙasa ba, da farar rigata da komai. Dakta Rania ta zaci wani abu na yar. Shi kuma ya juya fuska bango ya amsa gaisuwar a can. Haka muka fara, ina fassara maganarta ina kallon tayil, muryata ba ta kai kunnensa. Idan ta ce ya ɗaga ƙafa yanzu-yanzu, sai in ce wai idan Baba ya ga dama, ko zai ɗan gwada. Ke kin san wannan aikin ba a yin sa da "idan ka ga dama".

Na yi mata bayanin surukuta. Ta saurara tsaf, ta ce ai mahaifin miji muharrami ne, addini bai hana ba, ita tana sumbatar goshin nata surukin. Na ce ba maganar halal da haram ba ce, kunya ce. Ta ce kunyar me, me na yi masa? Ni ko da Hausa ban san yadda zan faɗa ba balle da Turanci.

Na roƙi Abban Safiya ya yi wa Baba magana ya saki jiki da ni. Shi ma ɗin ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kira, hirarsu ba ta wuce ina kwana. Ya ce in yi haƙuri, ya ɗauki mukulli ya gudu wurin aikinsa Ras Al Khor. Sai dare yake dawowa, yana wani ƙorafin go-silo.

Ranar Talata aka ce a tsayar da Baba tsakanin ƙarafunan dafawa. Na riƙe ɗamarar da 'yan yatsu, na tsaya can nesa kamar mai riƙe da tukunyar zafi, idona a ƙasa. Shi kuma don kada nauyinsa ya sauka a kaina sai ya karkata ɗaya gefen. Gwiwar ta lanƙwashe. Da Dakta Rania ba ta yi tsalle ta tare shi ba, da kansa ya daki ƙarfe. Hularsa ta faɗi, ni ce na ɗauko, na rasa yadda zan miƙa masa.

A ofishinta ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce ta ga ina ɗaga ƙattin maza ba gargada, amma ita abin da ta gani a kan wannan majinyacin za ta rubuta, kuma abin da ta gani shi ne ma'aikaciyar da ta kusa yar da tsoho don ba ta son kallonsa. Ta ce in zaɓa, ko ta rubuta haka ko kada ta rubuta komai.

Tsakani da Allah ba ta yi ƙarya ba. Kunyar da nake ji yanzu ta fi ta da. Da ina jin kunyar taɓa shi, yanzu ina jin kunyar na kusa kashe shi da ladabi. Jiya kuma Hajiya ta same ni a kicin ta ce Baba ya ce a nemo tikiti, gara ya koma gida a kekensa da ya riƙa wahalar da 'yar mutane. 'Yar mutanen nan ni ce, na juya ina wanke kofin da na riga na wanke.

Ki gaishe da gida. Kada ki gaya wa kowa, ko Inna.

Taki cikin damuwa,
Ummulkhair


Deira, Dubai
16 ga Disamba, 2018

Aminiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ya sanyin Kano, ya jikin Inna? Na san kin yi fushi da shiruna. Na kasa rubutawa ne, yau ma don baƙin sun tafi.

Ranar da aka ce ita ce zuwan Baba asibiti na ƙarshe, Hajiya ta rako shi ta zauna a kusurwa. Dakta Rania ta naɗe hannu ta jingina da bango, ta ce yalla, in fara, nawa ne. Na ɗaura masa ɗamarar. Ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa ya koma, ya girgiza kai, ya ce a bar shi haka, Allah ya riga ya hukunta.

A nan na ga cinyar tana ɗaukar nauyi sarai. Ƙafar ba ta mutu ba, ni yake gudu, ni kuma ina gudunsa, kuma a tsakaninmu mutumin nan zai ƙare rayuwarsa a zaune. Raina ya ɓaci, kin san ni idan ya ɓaci. Na manta da jami'ar, na manta da Hajiya. Na matsa na danne gwiwarsa da tawa, na cusa hannu biyu a ɗamarar, goshina kusan a ƙirjinsa. Na ɗaga kai na kalli tsakiyar idonsa. Sai na ji bakina ya kira sunansa, na yanka, gatsau, ba Alhaji ba Baba, yadda nake yi wa kowane majinyaci mai taurin kai. Ba zan rubuta shi a nan ba, yana cikin katin bikina. Na ce, "Kalle ni. Sako nauyinka a kaina. Tashi!"

Ya tashi, Zaituna. Ya tsaya a kan ƙafafunsa, ya ja ta daman gaba, ya sake ja. Dakta Rania tana ta mashaAllah, Hajiya kuwa ta toshe baki da mayafi. A lokacin na ji abin da na faɗa. Da ƙasa ta tsage da na shige da farar rigar tawa.

Muka hau tasi muka koma gida. Maganar tikiti dai ba a sake yi ba. Ya ci gaba da zuwa, a asibiti duk abin da na ce yana yi, a gida kuwa ko inuwata ba ta gilma falo, a kicin nake cin abinci a tsaye. Na tabbata a ransa ya gama yanke cewa ɗansa ya auro marar tarbiyya.

Dakta Rania ta aika takardar ana saura kwana kaɗan a rufe. Jami'ar ta amsa cewa takarduna sun cika, sun sa mini ranar ganawa ta bidiyo. Dakta Rania ta ce abin da ta fi yabawa a takardar shi ne ranar nan. Wato abin da ba zan iya faɗa wa mahaifiyata ba shi ne aka kai Amurka ana yabona da shi.

Jiya suka tashi. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi Allah ya kiyaye hanya, ya wuce da sandarsa, da ƙafarsa. Bayan sun fita na ga keken a bayan ƙofa, na yi maza na buga wa Abban Safiya da ya tafi kai su filin jirgi, na ce an yi mantuwa. Sai Hajiya ta karɓi wayar. Ta ce ba mantuwa ba ce, Alhaji ya ce a bar wa likita, wai ni, in ba wani. Na fara ba ta haƙuri a kan abin da na yi, ta katse ni. Ta ce ya gaya mata tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya sake kiransa da sunan nan, da ya ji shi bai san lokacin da ƙafafunsa suka miƙe ba.

Na zauna a cikin keken na yi kuka har Safiya ta tsorata.

Alfarma nake nema. Ki riƙa leƙa shi a gida kina duba motsa jikin, ke ba surukarsa ba ce, zai sake da ke. Hawa matakala ne bai ƙware ba, ki tsaya ta damansa. Idan ya yi miki gardama ki lallaɓa shi, amma kada ki kira sunan. Wannan kunyar tawa ce, ni zan ci gaba da ɗauka.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Ummulkhair