Ko Kyaftin Gemu Zai Koma Gida

Talata, 2 ga Yuli, 1991

Ville morte, yajin aikin gari duka, ta ci gaba a nan Duwala. Kasuwa a rufe daga Litinin har Juma'a, taksi ba ya fita, ruwa kuwa tun asuba. Bayan azahar muka taru a shagon Ɓoɓɓo tela, shi ke da bidiyo. Kashi na ashirin da uku na Kyaftin Gemu (mu muka raɗa wa shirin wannan suna). Ni ke fassara daga Faransanci saboda 'yan kasuwar Kano. Tun da ofis ya sallame mu, wannan ne kaɗai aikin da nake tashi tsaye in yi, kuma na iya shi.

Littafina na 1987 yana nan, kashi ashirin da shida, kowanne da ranar da aka nuna shi a talabijin da abin da ya faru. Jirgin sararin samaniya ya lalace, mutanensa sun yi shekara ashirin a wata duniya da ruwan sama ba ya ɗaukewa, suna saye da sayarwa da mutanen can. Alhaji Ɗantani mai takalma ya ce, "Akawu, daina wahalar da kanka. Wannan Duwala ce."

Alhamis, 4 ga Yuli

Wuta ta ɗauke, sai gardama. Batun: in mu za mu sake yin shirin, yaya za mu yi?

Ɓoɓɓo ya ce dodannin nan abin kunya ne, ana ganin zif a bayansu, a ba shi yadi goma ya ɗinka dodon da zai sa soja gudu. Alhaji ya ce shi abin da ya dame shi, mutum ya yi tafiyar shekara ashirin ba goro ko ƙwaya ɗaya. Daga nan aka shiga alƙibla: a cikin taurari ina za a fuskanta? Na ce inda duniya take. Ɓoɓɓo ya ce, "To in duniya tana ƙarƙashin ƙafarka fa, Malam Salahu?" Na rubuta, zan yi tunani.

Ni ra'ayina kada a taɓa labarin. A gyara dodo, a bar magana yadda take. Na faɗa sau biyu.

Litinin, 8 ga Yuli

Alhaji ya tsaya ƙofar gida muka yi hira kamar kullum. Shekara goma sha tara ke nan, tun yana haya a ɗakin Baba. Ya fito da wasiƙa: yayansa a Kano ya ce ya tattara ya dawo, ga rumfa a kasuwar Kwari tana jiransa. Ya ce ya kasa yanke shawara. Sai ya yi dariya. "Na bar wa Kyaftin. In ya koma gida, na koma. In ya zauna, na zauna."

Na yi dariya ni ma. Amma bara ya ce in Kamaru ta ci Ajantina zai bar taba, ana ta raha, kuma har yau bai sake kunna ta ba.

Na duba littafi. Kashi na 26, da rubutuna: "Sun koma. Mai rediyo kaɗai ya zauna."

Laraba, 10 ga Yuli

Ɓoɓɓo ya kira ni gefe. Kaset na ƙarshe ya sha danshi, fumfuna ta ci shi. Hoto yana fitowa da ƙyar, murya babu ko kaɗan. Muka kalla mu biyu. Jirgi ya tashi, sai layi-layi fari, sai ga shi ya sauka wani fili, Kyaftin ya durƙusa ya taɓa ƙasa. Ba mai iya cewa wace ƙasa ce.

Ɓoɓɓo bai taɓa ganin ƙarshen ba, sayen kaset ɗin ya yi a kasuwar Marché Central. Ya ce, "Kai ne muryar yanzu."

Ni ne kuwa.

Asabar, 13 ga Yuli

Na zauna na tsara. Jirgin ya tashi gwaji ne kawai, ya zaga ya sauka bayan tsauni, inda ruwa ke ɗaukewa. Kyaftin ya ce a kafa gari. Na rubuta wa kowa maganarsa, na auna da agogo, minti arba'in da bakwai daidai. Ya fi na Turawan kyau. Wannan ba na shakka.

Kuma gaskiya ce ta wata fuska. Me Alhaji zai yi a Kano? 'Ya'yansa da Faransanci suke karatu. Makabartar New Bell ta nan Duwala ce ta karɓi matarsa ta fari.

Talata, 16 ga Yuli

Hawwa ta zo, tun da ofishinsu ma a rufe. Ta ga takardun a kan tebur. Ƙanwata ba ta iya ganin takarda ta bar ta.

"Yaya, c'est faux, ba haka ba ne. Tare muka kalla a gidan Baba. Sun koma."

Na ce ai sabon tsari ne, kowa yana kawo nasa.

"Kai da ka ce kada a taɓa labari?" Ta tattara mayafi. "In sabo ne ka faɗa musu sabo ne. In ba za ka iya faɗa ba, to ka san sunansa."

Na ce ba ta fahimci fim ba. Ta ce eh, amma ta fahimci yayanta.

Na sake karantawa bayan ta tafi. Har yanzu ya fi kyau.

Alhamis, 18 ga Yuli

Shagon ya cika har bakin kwata. Ɓoɓɓo ya sanar cewa murya ta mutu, Malam Salahu zai yi duka. Aka yi tafi. Takarduna a aljihu, na haddace su ma.

Rabin farko ya tafi lafiya. Na yi muryar dodo har wani ya zubar da shayi. Jirgi ya tashi. Farin layi ya rufe allo. Alhaji yana gaba, a kan buhun ƙyallaye, ya cire hula ya ɗora a gwiwa kamar mai jiran likita. Bai juyo ba, ya ce, "Akawu, kai ka gani da murya. Ina suka nufa?"

Bai ce me ka tsara ba. Cewa ya yi ka gani.

Na ce, "Gida, Alhaji. Sun koma gida."

Aka ɓarke da surutu, wasu na murna, Ɓoɓɓo na cewa da shi ne da bai bar kasuwarsa ba. Alhaji ya mayar da hularsa. Da muka fito ya riƙe mini lema har ƙofa, ya ce, "Kai da ka bi mu da dodo, me ya sa muryarka ta shaƙe a wurin daɗin?" Na ce mura.

Asabar, 27 ga Yuli

Alhaji ya tafi. Jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga can Ngaundere, sai mota. Na rubuta masa duk tashoshin a jere. Ya bar mini takalmi, lamba arba'in da uku. Arba'in da ɗaya nake sawa, shekara goma sha tara bai sani ba.

Litinin, 29 ga Yuli

Ruwa.

Litinin, 5 ga Agusta

Na yi daidai. Na duba ta kowace fuska, na yi daidai.

Ɓoɓɓo yana so a soma shirin daga farko. Na ce sai wani mako.

Akwai shafuka da suka rage a bayan littafin 1987, bai kamata su lalace a banza ba. Na ja layi na rubuta "Kashi na 27". Mai rediyo ne, wanda ya zauna. Kullum bayan la'asar yana kunna na'ura ya ba jirgi labarin gari: an yi ruwa, dodo ya sake zif, har yanzu ba a daidaita kan alƙibla ba. Ban yanke ko ana jin sa ba tukuna.

Ba taɓa labari ba ne wannan, ci gaba ne kawai.

Direban goro zai tashi zuwa Kano ran Lahadi. Sai in kwafe wa Alhaji da kyakkyawan rubutu. Takalmin, in an cusa takarda a gaba, yana zama.