Za a Yanke wa Kyanwar Autata Huhu

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Da girmana na koyi rubutu, ki yi haƙuri da tsarin maganata.

Autata tana da kyanwa, Dunƙule muke ce mata. Tun bara kyanwar take tari, ƙirjinta yana ƙara kamar buta a kan wuta. A yi mata allura ta samu sauƙi, a jima abin ya dawo. Shekaranjiya likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙirjinta, ya nuna mini wani wuri fari, ya ce nan ya ruɓe, magani ba ya kaiwa, sai an buɗe ta an cire. Huhu fa, Anti.

Maigidana mahauci ne. Ya ce tun yana saurayi yake buɗe ƙirjin dabba, bai taɓa ganin wadda ta tashi ba. Ya ce in wahala ake gudar mata, shi zai hutar da ita da hannunsa. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ke kawo mata guntun nama kullum. Ashe yarinyar tana bayan labule. Tun ranar ba ta gaishe shi ba. Da ta ji ƙarar jakar wuƙaƙensa sai ta sunkuci kyanwar ta shige ɗaki ta sa sakata. Likitan ma yarinyar ta ce ba ta yarda da shi ba, ai shi ma wuƙa ce. Dunƙule kuma kullum ramewa take. Ya zan yi?

Maman Auta

Maman Auta, ki kwantar da hankalinki. Ni ba likita ba ce, amma huhu ba dunƙule ɗaya ba ne, sashi-sashi ne. Sau da yawa sashin da ya lalace kaɗai ake cirewa, sauran ya ci gaba da aiki. Akwai haɗari, musamman ga dabbar da ta rame, amma bari ma haɗari ne. Ki tambayi likita nawa zai cire, da yadda jinyar take.

Maigidanki gaskiyar aikinsa ya faɗa. Shi dai bai taɓa buɗe dabba da niyyar ɗinkewa ba. Ki tafi da shi ya ga hoton. Ya san huhu a hannu, zai gane ruɓaɓɓen wuri kafin a nuna masa.

In kun yanke shawarar yi, kada ke ki yi wa yarinyar bayani. Shi zai yi, ya janye maganarsa a gabanta, jakar nan kuma ta kwana a shago. Ranar aikin shi zai ɗauki kwandon Dunƙule, Auta tana gefensa. Ko me ya biyo baya, ta ga babanta ya kai kyanwar inda ake ɗinkewa.

Allah ya ba Dunƙule lafiya, ya buɗe muku wannan sakata.

Anti