Zarton Baba a Magazin

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba mai walda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya sanyaya makwancinka, ni ce Hajara, babbar 'yarka, wadda kake cewa bakinta ya fi guduma ƙara. Baba, maganar Awudu ƙanena, wanda ya gaji shagonka, ita ce ta kawo ni.

Ka tuna ranar da na kawo maka abinci shago, na tambaye ka me ya sa ake ce wa unguwar masu gyaran mota Magazin? Ka ajiye cokali ka ce kalmar Larabawa ce, makzan, wato rumbun ajiya. Turawa suka are ta suka laƙa wa ɗakin da soja ke tara bindigogi da harsashi da albarushi. Akwai irin ɗakin nan a Kumasi, a gefensa maƙera da masu gyaran mota suka fara zama, da aka tashe su zuwa unguwar Suame, inda shagonka yake, suka tafi da sunan. Sai ka ce: "Sunan muka gada, ban da kayan ciki."

Ban gane ba a lokacin, hankalina yana kan kwanona.

Daga baya na lura da ɗabi'arka. Duk bututun sitiyari da ya shigo shagonka, sai ka sa zarto ka yanka shi gutsi-gutsi kafin ka jefa cikin tarkace. Maƙwabta suna dariya, wai Garba yana ɓarnar ƙarfe mai kyau. Ba ka taɓa tanka musu ba. Inna ce ta faɗa mini da irin bututun nan ake ƙera bindiga, kuma da irin ta aka harbe abokinka Salisu mai shanu a hanyar kasuwa.

To Baba, shekaranjiya na taso daga rumfata a kasuwar Race Course na biya ta shago. Bayan tsohon bencinka na ga bututai a jere, dogaye, an goge su tas, an rufe da buhu. Zartonka yana rataye ya yi tsatsa. Na tambayi ɗan autanka, ya sunkuyar da kai, wai wasu masu haƙar zinare ne suka ba shi aiki, ranar Juma'a za su zo karɓa. Wai ciniki ya mutu, ga iyali. Kai! Awudun da na goya a bayana!

Wallahi na ji tsoro, kuma na ji tausayinsa, don na san ba ƙarya ya yi ba. Amma ban goya shi don in riƙa kai masa abinci gidan yari ba, ko in ji wata uwa tana kuka saboda aikin hannunsa.

Na sauko da zarton na sa masa mai, na hau yanka bututan. Ban iya ba, haƙoransa suna ta zamewa, tafina ya yi bororo, 'yan shago suna leƙe. Ina kan na biyu Awudu ya zo ya tsaya a kaina. Na ɗauka ƙwacewa zai yi. Sai ya danne mini bututun da ƙafarsa don kada ya motsa.

Saura Juma'a. Ba zan buɗe rumfa ba. A kan bencinka mutanen za su same ni, gutsattsarin suna gabana, kuma ni zan yi musu magana, tunda ka san bakin nawa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya tsare mana Awudu, ya buɗa masa ta halal.

'Yarka mai riƙe da zarto,
Hajara