Layin Saja Bawa

Zuwa ga abokina Bawa,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, don inda ka tafi ba a kai wasiƙa. Ko kana raye ma cewa za ka yi ka manta tabarau. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma kai ne mai ita.

Gida lafiya. Matarka Saraya tana nan tana fama da gwiwa. Dawa ta yi kyau bana a Manga. An kafa ƙarfen waya a bayan kasuwa, yanzu sai ka ga mutum yana tafe yana surutu shi kaɗai. Mangwaron da kake zama a gindinsa ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Ka lura ban ce mangwaronka ba. Ni na dasa shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wata huɗu bayan mun binne ka, ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo kafa alluna a bakin layuka. Da suka iso namu, mai unguwa ya turo su wurina, wai ni na fi kowa daɗewa, in faɗi sunan da za a rubuta.

Ai ka san tarihin. Tare muka yi golmo a Manga, shekara bakwai muna yi wa surukai noma kafin a ba mu mata. Da muka sauko Zuru, wurin nan sabara ce da macizai. Muka yanki fili kusa da juna, ko damina ɗaya ba ka yi ba ka shiga soja. Wa ya sare sabarar? Wa ya fitar da hanya da fartanya tun daga kwalta har rafi? Wa ya haƙa rijiyar nan, gaba goma sha biyu, har dutse ya cire masa farce? Ɗakin da Saraya ta haifi 'ya'yanka uku a ciki, wa ya yi masa jinka?

Bayan shekara ashirin da ɗoriya sai ga ka da akwatin ƙarfe da tsohuwar hula da usur. Ka sa benci a gindin mangwarona, duk wanda ya wuce ka sara masa. Asabar ɗin shara ka busa usur, mata su fito da tsintsiya suna dariya, ni ina can ina yashe kwata babu mai kallona. Ba a yi shekara biyu ba 'yan kabu-kabu masu haya da babur suka fara cewa Layin Saja. Ka kuwa san garin nan, abin da ɗan kabu-kabu ya kira wuri shi ne sunansa. Ina ji ina murmushin dole. Ranar Lahadi mu taso daga coci mu ci tuwo kwano ɗaya, ina ƙyashinka. Ban taɓa gaya maka ba.

Shi ya sa ranar da suka tsaya a gabana da takarda, bakina ya ƙi furta sunanka. Nawa kuma kunya ta hana ni. Sai na ce su rubuta Layin Rijiya, a raina ina cewa duk wanda ya karanta zai tambayi wanda ya haƙa ta. Saraya tana bakin ƙofa tana ji. Tun ranar ta daina ɗiban ruwa a rijiyata, gara ta ja gwiwarta har famfon makaranta.

Makon jiya na dawo daga biki a Ribah, ƙafa a kumbure, rana ta take. A tasha na tsayar da kabu-kabu na ce Layin Rijiya. Ya ce bai san shi ba. Na biyu ya tambaye ni wace rijiya, wai garin cike yake da rijiyoyi. Na uku ya tambaya ko ni baƙo ne. Baƙo fa, Bawa, a hanyar da na fitar da hannuna. Na cije, daga ƙarshe dai na buɗe baki na faɗi sunanka. Bai ƙara tambaya ba. Ya wuce allon ko kallo bai yi masa ba, yana tuƙi yana ba ni labarin kirkinka, ni da na san ka tun ba ka iya ɗaura wando ba.

Me ka ba su da ban ba su ba? Ni ruwa na ba su, kai gaisuwa kawai. Jiya da yamma na gwada zama a bencinka. Mutum uku suka wuce, dukansu suka dubi bencin suka yi maka addu'a.

Kada ka ɗauka na huce, ban huce ba. Kana kwance a ƙasa ma ka fi ni. Amma na riga na yi wa mai unguwa da mai fenti magana a sake rubutun allon, gobe kuma zan je in gaida Saraya, ko ta dawo wa rijiya.

Ka huta lafiya, sai na iso mu ƙarasa rigimar.

Abokin golmonka,
Dantani mai rijiya,
Layin Saja Bawa, Zuru.